Direban firinta zai kashe mini aure

Assalamu alaikum 'yan guruf, admin don girman Allah a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi takaici ya ishe ni.

Ni matar aure ce a Gummi, ina da ɗan shago a zauren gidanmu, kwamfuta ɗaya da firinta, ina buga takardun jarabawa na makarantu da katin biki da na suna. Maigidana malamin kwamfuta ne, ya je wani kwas ya dawo da wata manhaja wai ita Linux, tun daga ranar ba mu sake jin wata hira ba, kyauta ce, ba ta kama bairos, ba ta nauyi, kullum kamar mai wa'azi. Na ce masa ya sa a tasa ya bar mini tawa. Na tafi suna Bukkuyum, kafin in dawo bawan Allahn nan ya share wadda na saba da ita ya ɗora mini tasa.

Gaskiya kwamfutar ta ƙara sauri, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma firinta ta ce ba ta san zance ba. Ka tura aiki ta yi tsit, in ta ga dama ta ja takarda ta fito da wasu alamomi kamar kaji sun bi ta kai. Ya ce direba ne babu, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta yi magana da firinta, wai na tsohuwar manhajar ba ya aiki a wannan, sai an nemo wani. Ya buɗe wani baƙin allo yana ta rubuce-rubuce, ya cinye mini data, masu aiki suna zuwa suna juyawa, ga jarabawa ta matso.

Ranar da wani shugaban makaranta ya karɓe aikinsa ya kai wani shago, raina ya ɓaci na biyo maigidan tsakar gida ina kuka. Na ce ya dawo mini da direbana na da, tun da nake da direban nan bai taɓa ba ni kunya ba, shi ne ya raba mu. Ashe Hajiya mahaifiyarsa tana bayan katanga tana shanya, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Ban san an ji ba sai da na ga ta daina amsa gaisuwata, matan unguwa suna shiru in na shigo. Sai ga kiran Innata, ta ce, "Ɗiyata hwaɗa min gaskiya, wane direba na wanga da kika kuka kainai?" Har an fara lissafa direbobin tasha da ke kawo mini takarda daga Gusau.

Na ce masa ya je ya yi wa Hajiya bayani, magana ɗaya ce. Sai ya kama ciki yana dariya har da hawaye, wai a bari zai wuce. Sunana yana yawo a bakin mutane shi yana dariya! Da na matsa sai ya ce zai je, amma in fara yarda ba zan cire Linux ba. Ku ji fa, mutuncina ya zama abin ciniki.

Jiya kuma Allah ya taimake shi firinta ta buga. Hajiya tana tsakar gidanmu ta zo ɗaukar turmi, ya fito da gudu da takarda a hannu yana cewa in kwantar da hankalina, ya samo mini wani direban wanda ya fi na da. Matar nan ta saki turmi tana salati, yanzu cewa take an yi wa ɗanta asiri har shi ke nemo mini.

Ranar Juma'a Babana zai zo a zauna da manya. Mutum ne da ko wayarsa sai an danna masa. In ɗauki firintar a ka in kai gabansu ne, ko in tafi gidan iyayena har sai maigidan ya buɗe baki ya wanke ni? Don Allah ku faɗa mini, da wane baki zan gamsar da tsohon nan cewa direban da ake zargina da shi ko ƙafa ba shi da ita?