Jan Akwati a Ƙofar Sito

Litinin, 3 ga Maris

Na gama taswirar kamfani. Wata huɗu ina kanta! Kowane aiki akwati ne, kowane bayani da ke tafiya daga hannu zuwa hannu kibiya ce, tun daga shigowar magani sito har isarsa asibitoci. A kanta za a gina sabuwar manhaja. Oga ya ce daga yau abin da babu a taswira, to babu shi a kamfani. Ya yaba mini a gaban kowa, kaina ya kusa taɓa silin.

Laraba, 5 ga Maris

Mai Gilashi, wanda zai rubuta manhajar, ya sa kwamfuta ta tantance taswirar. Duk akwatin da kibiya ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita, sai ya koma ja, wato aikin da na'ura za ta iya yi. Uku suka yi ja. Na ukun: mai duba kaya a ƙofar sito.

Kawu ke nan. Ƙanin Inna, ciki ɗaya.

Na ce musu zan je banɗaki.

Alhamis, 6 ga Maris

Tunda babu mai karanta littafin nan, bari in faɗa. Ban taɓa sauka sito ba. A takardar aiki na sa hannu cewa na yi hira da kowane sashe, amma na sito daga tsohon littafin ƙa'idoji na kwafo: "ya karɓi takarda, ya buga hatimi, ya buɗe ƙofa." Shi ke nan abin da na zana.

Dalili? A nan babu wanda ya san kawuna ne. Ranar da na fara aiki ya hango ni daga can tsakar fili, da kwat ɗinsa mai faci a gwiwar hannu, ya kwarara murya: "'Yar boko!" Ina tare da Oga. Na ce, "Sannu, Malam," na wuce. Bai sake kirana ba, shekara biyu ke nan. Mutumin da ya yi shekara shida yana kai ni makaranta a keke, yana naɗa tawul a ƙarfen don kada ya ci mini cinya.

Na riƙa gaya wa kaina wai kada a ce shi ya samo mini aiki. Mai tsaron ƙofar sito ne zai samo wa mutum aiki a bene? Ke ma dai. Kunyar kwat ɗin na ji.

Litinin, 10 ga Maris

Sunaye uku sun tafi ofishin ma'aikata. Ƙarshen wata za a sallame su.

Asabar, 15 ga Maris

Gidan Inna. Tana ninke wanki ta ce, "Kawunki an ba shi takarda. Ke da kike sama, ba ki ji komai ba?" Na ce ba sashena ba ne. Ta ɗago ta dube ni irin duban da take mini ina ƙarama in na ce ba ni na fasa kofi ba, sannan ta ci gaba da ninki. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Talata, 18 ga Maris

Gwajin manhaja. Ta ba da umarni a kai katan arba'in na allurar rigakafi ƙaramin asibitin hayin kogi. Kawu ya ƙi buɗe ƙofa, direba na ta hon. Ashe firjin asibitin ya mutu tun ranar Juma'a, nas ɗin can ta kira shi ta gaya masa, kamar yadda ta saba, don wayarsa ce kaɗai ake ɗauka. Da motar ta tafi, da kafin gobe alluran sun zama ruwa, kuma yara za a yi wa.

Mai Gilashi ya sauke gilashinsa ya ce, "Wannan kibiyar fa, ina take a taswirarki? Ba ki yi hira da tsohon ba ne?"

Na ce na yi.

Laraba, 19 ga Maris

Ƙarya ta nawa ke nan? Na daina ƙirgawa.

Alhamis, 20 ga Maris

Na sauka. Matakala ashirin da biyu ne kacal, na ƙirga. Kawu ya turo mini wani katan, ya share shi da hannun riga, ya ce, "Zauna, Malama." Wallahi kamar ya watsa mini tafasasshen ruwa.

Na wuni ina kallonsa da fensir a hannu. Duk katan ɗin da ya sauko daga motar sanyi sai ya ɗora tafin hannu a kai, don ya san direban da ke kashe firji a hanya. Yana jawo maganin da ya kusa lalacewa gaba, ya tura sabo baya. Ya san asibitin da gadarsa ke nutsewa in an yi ruwa. Wayarsa mai fasasshen gilashi ba ta huta ba. Kafin tashi na zana kibiya goma sha ɗaya, duk a akwati ɗaya.

Sai da na miƙe na lura da bangon bayansa. Taswirata ce, wadda aka raba wa sassa, ya manne ta da salatif, ya sa mata leda saboda ƙura. Ga jan akwatinsa a ƙasa.

Na ce, "Ka san abin da jan nan yake nufi?"

Ya ce, "Yo ba ga takarda an ba ni ba?" Sai ya sa yatsa a kusurwa, inda sunana yake. "Nan nake nuna wa direbobi. Ina ce musu 'yata ce ta zana kamfanin nan kaf, da hannunta."

Ban san yadda na hau matakalar nan ba.

Litinin, 24 ga Maris

Taron safe, mutum tara. Na miƙe na ce ban taɓa hira da sito ba, hannun da na sa na ƙarya ne, taswirar kuma gurguwa ce. Na ɗora sabon zanen a tebur. Oga ya daɗe yana bin kibiyoyin da biro. Ya ce, "Me ya hana ki sauka?" Na ce mutumin kawuna ne. Ya ce bai ga haɗin ba. Ni ma da na ji maganar a bakina ban gani ba.

Juma'a, 28 ga Maris

An janye takardar Kawu. Sauran biyun ma an dakatar sai an je an ga aikinsu da ido. An karɓe jagorancin aikin daga hannuna an ba Mai Gilashi, ni kuma zan bi sassa ɗaya bayan ɗaya in sake zane daga tushe. A lif ɗin hawa bene mutane sun daina magana in na shiga. Daidai ne. Ya yi zafi dai.

Talata, 1 ga Afrilu

Sito zan fara, mako guda. Ba wani abu ba ne, tsarin aiki ne kawai. An kai mini tebur, na ce katan ɗin ya ishe ni.

Da safe ina tsallaka fili tare da Oga da Mai Gilashi na hango shi can bakin ƙofa, da kwat ɗin nan dai. Wata tambaya ce da ni kan motar sanyi, kuma akwai nisa, dole mutum ya ɗaga murya.

Na ce, "Kawu!"

Sai da ya waiwaya bayansa ya ga ko da wani nake.