Tiyon Famfon Inna

Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya ƙafar Anti Binta? Mu nan Wagini lafiya, sai dai zaman ɗar-ɗar.

Tiyon famfon da ka sa wa Inna a ɗakin girki ya tsage, ruwan tanki yana ta zuba. Ranar kasuwa maigidana ya hau babur ya tafi Batsari sayo sabo. Da azahar aka ce 'yan bindiga sun tare hanya, na kira wayarsa na ji ta a kashe. Inna tana kuka tana cewa, "Da mun haƙura da tulunmu."

Sai bayan la'asar ya shigo a ƙasa, ba babur, ba takalmi. A gonar gero ya kwanta har suka wuce. Ya zaro tiyon daga cikin rigarsa ya miƙo mini, sai ni na ɗaura.

Har yau in na ji ƙarar babur gabana faɗuwa yake yi. Ka sa mu a addu'a. Kada ka zo gida da sallar nan, ko da Inna ta roƙe ka. A gaida yara.

Ƙanwarka,
Hadiza