Man Shanu Ne a Leɓen Ɗiyata, Ba Jan-Baki Ba

Zuwa ga Hajiya Shugabar makarantar kwana ta 'yan mata inda ɗiyata Nafisa ke karatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, amma ki sani zuciyata tafasa take yi. Ni mai sayar da nono da man shanu ce a kasuwar Sheme. Nafisa shekararta sha shida, tana ajin ƙarshe.

Na farko. Da ta zo hutu na ga leɓenta ya tsattsage, gefen bakinta duka biyu sun yi gyambo, ƙafafunta fari fat kamar ta taka toka, alhali damina ce. Na kai ta asibiti a Faskari. Malamar jinya ta tambayi abin da kuke ba su: tuwon masara da miyar kuka tsululu, kullum. Ta ce, "Inna, shafa mai kaɗai ba zai gyara wannan ba. Wake jikinta ke nema, da ƙwai, da nono, da gyaɗa, da zogale, ta kuma riƙa shan ruwa sosai." Kunya ta kama ni. Ni ke shayar da rabin kasuwa nono, ɗiyata ke ciwon rashinsa!

Na biyu. Ranar komawa na haɗa mata ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, busasshen zogale da 'yar kwalbar man shanu. Masu bincikenki suka zazzage su a ƙasa bakin ƙofa, wai an hana abincin gida. Kwalbar kaɗai ta tsira, don Nafisa ta ɓoye ta cikin hijabi.

Na uku, wanda ya sa na ɗauki biro. Ta shafa man a leɓe don ta iya buɗe baki a aji. Malamar ladabtarwa ta hango ƙyalli, ta ce jan-baki ne. Ta durƙusar da ita gaban ɗalibai, ta zane ta da bulala, sannan ta dirje mata baki da tsumman goge allo har jini ya ɓata mata hijabi. Ko sunsunawa ba ta yi ba, Hajiya! Man shanu ai ba ya ɓoye warinsa.

Yanzu Nafisa na gida. Cokali ba ya shiga bakinta sai da hawaye, ta rantse ta bar boko, ga jarrabawar fita ta ƙarato. Wallahi ban yafe ba.

Ina so malamar nan ta ba ta haƙuri a inda ta durƙusar da ita. Ku sa wake da ganye a tukunyarku. In ba za ku iya ba, ku daina zubar da namu.

Ranar Litinin zan kawo ta da kaina, da ƙullin ƙuli-ƙuli da ƙwaryar nono a kaina. Duk mai son zubarwa, ya zo ya karɓa daga hannuna.

Allah Ya ba ki ikon yin adalci, Ya tsare miki naki 'ya'yan daga irin wannan hannu.

Wassalam,
Mahaifiyar Nafisa, Sheme.