Kira na Shida a Wayar Mai Agogo

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ba a lokacin da likita ya yi magana na gane Mai Agogo ya rasu ba. Ya faɗa, na gyaɗa kai, har godiya na yi masa. Sai wata nas ta miƙo mini leda da kayansa a ciki: hularsa, ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya in zai duba cikin agogo, da wayarsa. Ina zaune a kan benci da ledar a cinyata, shi yana kwance an lulluɓe shi har kai, sai muryarsa ta fito daga cikin ledar, da 'yar dariyar nan tasa: "Sarauniyar barci, la'asar ta yi." Na ce na ji, kamar yadda na saba. Kullum in na ce haka, sai ya ƙara da bakinsa cewa Allah ya sa. Na jira. Mayafin bai motsa ba. A wannan shirun na gane mijina ya tafi.

Ki gafarce ni, Yaya, na fara da wannan tun ban gaishe ki ba. Ina fata kina lafiya, ke da Baban yara da yaran gaba ɗaya. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya raya miki zuriya. Saƙonki na ta'aziyya ya iso, kuma na san da akwai hali da kin zo. Mu nan lafiya, sai kewa. Kawu yana leƙo ni duk bayan kwana biyu. Yau wata uku da kwana huɗu ke nan da rasuwar.

Kin san halinsa a kan lokaci. Shekarun baya ya ɗauki muryarsa a waya, kira biyar, kowace salla da nata, ya mai da su ƙararrawa. Da yake yana dawowa gida kafin azahar, ba ya komawa shago sai bayan la'asar, kuma kafin magariba ya sake dawowa, duka biyar ɗin a kunnena suke bugawa. Duk ranar Asabar sai ya zauna ya matsar da su da minti ɗaya ko biyu, wai rana ba ta tsayawa wuri guda. To tun da ya tafi babu mai matsarwa, don wayar a kulle take, kuma ban san lambar ba. Caji kawai nake sa mata. Da farko muryarsa da ta ladan tare suke tashi. Yanzu sun rabu. Jiya ya ce mini magariba ta yi, alhali rana tana nan ja a jikin bangon maƙwabta, kaji ma ba su shiga ba. Shi har yau yana cikin makon da ya mutu, mu kuma muna ta nisa da shi kaɗan-kaɗan. Akwai ranar da na ɗauko kofi biyu ba tare da na sani ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro, don a waya ba zan iya faɗa miki ba. Yaya, shekara goma sha ɗaya ke nan ban yi salla ba. Tun ranar da zazzaɓi ya ɗauke mana 'yarmu Tsuntsuwa. Kwana uku ina roƙo har goshina ya yi tabo, yarinyar nan ta cika a hannuna da ƙarfe sha ɗaya na safe, tana da shekara biyar. Na naɗe dardumata na ɗora a kan kabad, ban sake sauke ta ba. In an yi baƙi, sai in shiga ɗaki in tura ƙofa, in zauna a bakin gado gwargwadon raka'a huɗu, in fito da danshin ruwa a fuska. Ke ma haka na yi miki zuwanki na ƙarshe, har kika yaba mini da ba na gaggawa. Shi kaɗai ya sani. Bai taɓa tona ni ba, bai taɓa yi mini tsawa ba. Wannan tsokanar ta waya ita ce iyakar faɗansa.

Sau ɗaya na tare shi da maganar. Na ce tun muna yara ake gaya mana Allah ba ya buƙatar sallar kowa, kuma ni na roƙa a lokacin da nake da buƙata ban samu ba, to wahalar ta mene ce? Yana gyaran wani agogon hannu a kan tebur, bai ko ɗago ba. Ya ce da duk agogunan duniya za su tsaya yau, rana ba za ta makara da daƙiƙa ɗaya ba. Ya ce ba don lokaci ake wana agogo ba, don mai shi ne, kada ya ɓace a cikin yininsa. Na ce masa ni ba agogo ba ce. Ya yi dariya ya ce ai ya sani, da agogo ce ni da tuni ya buɗe bayana ya gyara.

Kwana tara da rasuwar, masu gaisuwa sun watse, gidan ya yi tsit. Ina shara a falo da hantsi, sai na ji ana magana ƙasa-ƙasa a cikin ɗaki, kamar mutum yana raɗa wa wani. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Ba lokacin kowace salla ba ne. Na tsaya a bakin ƙofa, labule yana ɗan motsi, babu kowa, sai wayar tana haske a kan matashinsa. Ƙarfe sha ɗaya daidai. Ashe akwai kira na shida, hayaniyar mutane ce ta hana ni ji a kwanakin baya. Wannan babu dariya a cikinsa, kuma ba da ni yake ba. A bayan muryar ana jin agogunan shago suna ta bugawa. Ya ce: "Tashi ka roƙa mata. Ita ba ta iya ba tukuna."

Washegari na ɗauki makulli na je shagon. Agogunan bango duk sun tsaya, kowanne a nasa lokacin, don babu mai wana su. Telan da ke kusa da shi ya shigo ya yi mini gaisuwa, na tambaye shi. Ya ce shekara da shekaru, da sha ɗaya ta yi sai Mai Agogo ya janyo ƙofa rabi, ko da akwai mai jira, ya yi raka'a biyu a ɗan lungun bayan tebur, sannan ya daɗe da hannu a sama. Ya ce yakan zolaye shi da cewa in kasuwa yake roƙo ya sa da shi, shi kuwa sai ya ce aikin gida ne. Na duba lungun. Simintin wurin ya fi ko'ina sulɓi. Shi ya sa ko ranar hutu yake fita da safe, ni ina cewa ya fi son agogunansa a kaina.

Tun daga ranar, kullum sha ɗaya tana samuna a bakin gado ina jira. Yana ba da umarnin, kuma wanda ake ba umarnin yana ƙarƙashin ƙasa. Ni kaɗai ce a ɗakin da zan ji. Bayan ya yi shiru, sai in ji kamar ɗakin ma jira yake.

Makon jiya na ga bayan wayar ya ɗago. Na kai wa mai gyaran waya, ya ce batirin ne ya kumbura, bai ga alamar zai wuce sati biyu ba. In ya canza shi dole wayar ta mutu, in ta tashi kuma sai ta nemi lambar da babu mai ita, kuma kafin a sa lambar muryar ba za ta fito ba. Ko ta wace hanya dai, saura kwanaki ya yi shiru.

Na je wurin Malamar layinmu, na tambaye ta matsayin wadda ta daɗe da barin salla a wurin Allah, kamar a madadin wata. Ta ce sallarmu ba ta ƙara wa Allah komai, barinta ba ya rage masa komai. Wannan na sani, Yaya. Ba shi nake tambaya ba. Mai Agogo bai taɓa buƙatar in ce na ji ba, wayarsa za ta buga ko na amsa ko ban amsa ba, amma shekara goma sha ɗaya yana tsayawa ya ji na faɗa. Buƙata daban, so daban. Abin da nake son sani shi ne ko Allah yana so, ko har yanzu ana tsaye ana jiran irina. Kuma ina tsoron in na tashi yanzu, mijina nake amsa wa ba Ubangijina ba. In kuma na bari sai ya yi shiru, ina tsoron ba zan tashi ba har abada. Ke kika koya mini alwala a bakin famfo ina ƙarama. Ki rubuto mini abin da kika sani, ko da faɗa ne, zan karɓa. Ki yi sauri don Allah.

Ki gaishe mini da Baban yara, da Babbar yarinya da mijinta, da Autarki mai surutu. Kawu yana gaishe ku. Maganar nan ta tsaya tsakanina da ke.

Yau da safe na hau kujera na sauko da dardumar. Na kakkaɓe ta, na shimfiɗa. Da sha ɗaya ta yi ya yi maganarsa, na je na yi alwala, na dawo na tsaya a kanta har ruwan ya bushe a hannuwana. Tana nan a shimfiɗe, ban naɗe ba. Har yanzu ban yi kabbara ba.

Ƙanwarki.