Sakatar da Kakana Ya Zare

Zuwa gare ki Fiddausi, sanyin idona, ruwan fari a kan busasshiyar gona, inuwar tsamiyar da nake nufa in rana ta take. Ina gaishe ki, amma ki sani da fushi na ɗauki alƙalamin nan, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Jiya Kawu Dikko ya dawo Ƙafin Maiyaki da goron neman aurenki a ɗaure a bayan babur, ko igiyar ba a kwance ba. Laifinsa wai ya shiga garinku ta Ƙofar Gabas, wadda aka hana 'yan gidanmu bi tun kaka da kakanni, sai dai mu zagaya ta yamma. Wace ƙofa, Fiddausi? Giɓi ne tsakanin tudu biyu, awaki na hawa suna sauka. Amma Baba Maikano, mahaifinki, ya tsaya a zaure ya ce ba zai haɗa jini da masu buɗe wa maƙiyi ƙofa ba. Zauren nan kuwa da ƙasar ganuwar garin aka gina shi, kowa ya san inda aka haƙo ta.

Labarin da tsofaffi suka ba ki, ni ma shi suka ba ni. Rundunar Zazzau ta kewaye garinku, Tsohon Birni, wata bakwai. Daga Kano aka aiko a daure, taimako na tafe, taimako bai zo ba. Rijiyoyi suka ƙafe, aka cinye iri, aka kai ga dafa fata. Sai kakan kakana, mai tsaron Ƙofar Gabas, ya zare sakata. Birni ya faɗi, iyaka ta matsa, fatake suka sauya hanya. Daga baya sarakunan Kano da Zazzau suka shirya, har suka yi surukuta. Su da suka haɗa yaƙin sun ci tuwon biki tare, mu da ba mu ga ko kibiya ɗaya ba mu za a hana aure? An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. To ni yaushe na ja?

Amma ba maganar Baba ce ta fi ƙona mini rai ba, shirunki ne. Kawu ya hango ki a bakin soro, kanki a sunkuye. Ke ce fa da daminar bara muka zauna a kan ganuwar nan muna cin gasasshiyar masara, kika yi dariya kika ce katangar da ta kasa tare akuya ba za ta tare mu ba. Ina bakin nan ya tafi? Ina sonki, ina jin haushinki, kuma duka biyun sun hana ni cin abinci.

Ranar Juma'a bayan la'asar zan zo, kuma ba zan zagaya ta yamma ba. A giɓin zan tsaya. Kafin nan, don Allah ki durƙusa gaban Baba da ladabi ki yi masa tambaya ɗaya: jariran da suka sha ruwa ranar da ƙofar ta buɗe, kakannin wa ne? Ba don mutumin nan ya zare sakata ba, da ba a haifi Baba ba, da ba a haife ki ba.

Wannan karon sakatar a hannunki take.

Naki wanda zai tsaya a ƙofarki fiye da wata bakwai bai janye ba,
Garzali