Kaset Mai Ɗigon Jan Farce

Gadarif, 4 ga Agusta

Ƙanwata Sharifa,

Assalamu alaikum. Ya damina, ya maigidanki Lawal da aikin gona? Tunda wayarki ta salwanta a hanyar fitowa daga Madani, mun koma zamanin biro da takarda. Tukur direba zai kawo miki wannan, in lorinsa ta yarda.

Kayan marigayi Sami sun iso. Maƙwabcinsa ne ya fito da su daga Madani a kwali uku. Na ɗauka tufafi ne ko takardun gida. Ina buɗewa sai ga na'urorin wasan talabijin ɗin nan nasa na zamanin da har guda shida, da kaset sittin da ɗoriya, da wayoyi a cukurkuɗe kamar hanjin akuya. Mutane na gadon gona, mu ɗan'uwanmu ya bar mana atari. Allah ya jiƙansa. Mutum da shekara arba'in yana bin kasuwanni yana tsintar abin da yara suka yar! Na sha faɗa masa, dariya kawai yake yi.

Sayarwa dai ba zan yi ba. Na ware lungu ɗaya a ɗakin da nake haya, zan kafa katako in jera su. Amma kin san ƙa'idar Baba a shago: tsohon abu ba a ba shi wuta sai an buɗe cikinsa an duba. Shekara ashirin da biyar ina gyaran rediyo da talabijin a kan wannan ƙa'ida, ban taɓa ƙona kayan kowa ba. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

In akwai abin da kike so a ciki, ki faɗa. Gado ne, kina da haƙƙi.

Yayanki,
Rufa'i

*

Gona, bayan Doka, 9 ga Agusta

Yaya Rufa'i,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Lawal yana gaishe ka, kullum yana kan tarakta. Na ga saƙonka, na yi kuka na yi dariya.

Ka riƙe duka, na yafe maka. Abu ɗaya nake so: kaset mai ruwan toka, da ɗigon jan farce a gefensa. Ni na ɗiga masa. Don Allah Yaya kada ka buɗe shi.

Ka tuna shekarar da na yi ɓari, na zauna gidan Sami wata huɗu ba na magana da kowa? Da wannan kaset ya dawo da ni cikin mutane. Wasan tafiya ne, mutum huɗu suna ratsa daji da garuruwa, kai kake raɗa musu suna. Kullum bayan la'asar zai shimfiɗa tabarma, ya ba ni hannun wasa mai maɓallan dannawa, shi yana fassara mini turancin. Ɗaya daga cikin huɗun yarinya ce ƙarama. Ya ce in sa mata suna, na sa Amani, sunan da na tanadar wa wadda ban haifa ba. Ba a yanka mata rago ba, ba ta da takarda. Duk duniya nan kaɗai aka rubuta sunanta.

Sami ya ce akwai ɗan batir a cikin kaset ɗin, shi ke riƙe da sunayen da duk tafiyar da muka yi. Ranar da aka cire shi, halas, komai ya tafi. Na san hannunka ba ya ganin kusa ya ƙyale, shi ya sa nake roƙonka.

Ƙanwarka,
Sharifa

*

Gadarif, 16 ga Agusta

Sharifa,

Sallama da gaisuwa. Shiru ba amsa. An ce ruwa ya yanke hanyarku, lorin Tukur ta nutse a taɓo har gindi. Wannan zan ba mai dawa da ke tafiya ta wajenku.

Lungun Sami ya kammala. Na samo talabijin mai doro a wajen Elfatih, maƙwabcina a kasuwa, shekara uku yana ɗora tiren shayi a kanta. Waɗannan na'urori ba sa shiri da talabijin na zamani, hoton jagwalgwalewa yake yi. Na ja waya daga faifan sola zuwa batirin mota saboda wutar garin nan sai ta ga dama. Katako hawa uku, kowace na'ura da mazauninta, na rufe da zane don ƙura. Biyar sun tashi. Ta shida ɓera ya riga ni.

Elfatih ya zo gani, ya ce, "Ya usta mai gyara, kai ma ciwon wasan nan ya kama ka?" Na ce aiki ne kawai. Ya zauna gwada wasan tseren mota, sai da matarsa ta aiko kiransa.

Kaset ɗin ma duk na bi su da burushi da ruwan sabirto na goge datti. Guda tara na samu da ƙananan batura a ciki, wasu sun girmi aurena. Yadda Sami ya bar su haka ban sani ba, in suka zubar da ruwa sun cinye allon da ke cikin kaset ɗin. Na cire su duka, na liƙa sababbi da dalma. Har da wani mai ɗigon ja a gefe, na so in goge ɗigon, na ga ya kama, na bar shi.

Ki gaida Lawal.

Rufa'i

*

Gadarif, 19 ga Agusta

Sharifa,

Assalamu alaikum. Yau da hantsi Tukur ya kawo takardarki ta ranar tara. Kwana goma ta yi a aljihunsa.

Na rufe shago na koma gida na sa kaset ɗin. Gurbin ajiya uku ne, duka ukun babu komai. Na tono tsohon batirin daga gwangwanin shara na auna shi. Yana da sauran rai, Sharifa. Da zai kai wasu shekaru. Na mayar da shi duk da na san ba amfani, ba a mayar da ruwan da ya zube.

Ban kunna shi kafin in buɗe ba, don haka ban ga komai ba, ko sau ɗaya. Ba zan ɗora wa taɓo laifi ba, ko Tukur, ko Baba. Ni na yi. Na sake liƙa sabon batirin, ga kaset ɗin nan cikin ambulan, naki ne.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban iya faɗin irin wannan ba, kin sani.

Yayanki

*

Gona, 27 ga Agusta

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardunka biyu tare suka zo. Kwana uku ban iya ɗaukar biro ba, kuma ba zan ce maka ma'alesh ba, ba zan ce ya wuce ba, don ban kai nan ba tukuna.

Tunda ba ka gani ba, bari in gaya maka abin da ke ciki. Na gaba mai takobi, Sami ya sa sunansa, ka san shi da son girma. Mai baka ni ce. Sai Amani. Na huɗun wani ne mai tsuke fuska, ba ya faɗa, aikinsa in an ji wa wani rauni ya gyara shi. Sami ya sa masa sunanka. In muka shiga uku sai ya ce, "Kira usta." Da babu shi da ba mu wuce gari na biyu ba.

Mun kai ƙofar ƙarshe. Sami ya ajiye hannun wasa ya ce ba za mu shiga ba sai ka zo Madani ka riƙe da kanka. Sallah shida yana gayyatarka, kullum shago ya hana.

Na mayar maka da kaset ɗin. Nan ba wuta ba talabijin, me zan yi da shi?

Sharifa

*

Gadarif, 3 ga Satumba

Ƙanwata,

Sallama. Ya iso.

Na kunna. Tun farko sunaye yake tambaya. Na sa Sami, na sa ke, na sa mai tsuke fuskar. Wasan ya ƙi wucewa sai an cika na yarinyar. Na kashe na rufe da zane. Wannan ba hannuna zai rubuta ba.

Tukur ya ce hanya za ta bushe kafin yankan dawa. Na sayi tabarma. Duk ranar da kika zo, shago a rufe yake bayan la'asar.

Yayanki,
Rufa'i