Gadon da ke kan fayafayai

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya idon naki? Ya maigidan da jikoki?

Ni lafiya lau. Har yanzu ina wankin motocin bas da digirina biyu, motocin kuwa ba su taɓa neman ganin takarduna ba.

Na ji za ki zo aikin ido, ki sauka wurina. Marhabin, sai dai akwai magana. Falon da nake ba ku labari shi ne ɗakin kwana, shi ne kicin. Gadon kuma ba shi da ƙafafu. Na cire su tuntuni, na ɗora katako da katifa a kan akwatunan fayafayaina na jaz, kiɗan nan da kike cewa kamar ana yanka agwagwa. Faifai ɗari bakwai ne, Yaya. Su kaɗai ne ba su taɓa ce min “sai haƙuri” ba a ƙasar nan.

Maƙwabcina tela ya ce, “Malam, sayar da su mana, ka sayi gado kamar mutane.” Na ce masa ai mutanen ne suka kora ni wurin fayafayai.

Gadon naki ne, ni kujera ta ishe ni. Amma na ga hotonki da aka turo, masha Allah, hutu ya karɓe ki. Akwatunan nan da ni suka saba, ni kuwa ƙashi ne da fata. Don girman Allah, kafin ki yanki tikiti, ki hau sikeli ki rubuto min gaskiya.

Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙaninki